Za a koma makaranta ranar 18 ga Janairun 2021, ga korona ga hunturun Jos: in tura yaran ko in riƙe su?

Maman Uku, Rikkos:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa masu sani, don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Gwamnatin tarayya ta tsaya a kan cewa makarantu za su koma ranar Litinin 18 ga Janairun 2021, alhali kusan kullum sai hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta sanar da sababbin masu korona fiye da 1,000, kuma Filato tana cikin jihohin da ke sahun gaba. Ko Gwamna Lalong na Filato a Disambar 2020 aka sanar ya kamu.

Yarana uku ne, duk makarantar gwamnati suke. Babbar shekararta 13, tana aji 2 na ƙaramar sakandare. Na tsakiya shekararsa 9, aji 4 na firamare, yana da asma, kuma hunturu ne lokacin tashinta. Auta shekararta 5, rabin aji take. Ajin na tsakiyan sun haura 80, biyar-biyar a benci, wasu a ƙasa, makarantar kuma ba famfo ba rijiya. Babban abin da ke hana ni barci shi ne kakarsu, mahaifiyar maigida. Ta kusa 70, ga ciwon suga ga hawan jini, kuma ɗaki ɗaya take kwana da 'yan matan.

In tura su ko in riƙe su har abin ya lafa? In turawar ce, me zan duba a makarantar, me zan sallame su da shi, in sun dawo kuma yaya zan yi da su? A 2020 sun yi wata shida da ɗoriya a gida, har karatun da mai shekara 9 ɗin ya iya ya fara zubewa.

Likitan Yara:

Wa'alaikumus salam. Hajiya, fargabar taki guda biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Yara suna kamuwa, suna kuma yaɗawa, amma galibinsu da 'yar mura da ɗan zazzaɓi suke warkewa, wasu ma ba a ganin komai a jikinsu. Waɗanda cutar nan ke kayarwa su ne waɗanda suka haura 60, da masu suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda. Ke nan a gidanki Hajiya Babba ce a bakin haɗari, kuma har zuwa Janairun 2021 allurar rigakafi ba ta iso ƙasar nan ba. Duk da haka ba zan ce ki riƙe yara ba, don riƙewar ba ta rufe ƙofa: maigida yana fita nema, ana shiga keke, ana zuwa suna da biki. A tura yara, a raba makwanci.

Dalilin raba makwanci shi ne cutar ta numfashi ce, kuma mai ita yana fara yaɗawa kamar kwana 2 kafin ya ji komai a jikinsa. Wanda ya ce sai ya ga yarinya tana tari sannan ya ɗauke ta daga ɗakin kaka ya makara, an riga an kwana biyu ana shaƙar numfashin juna. Awa takwas a ɗakin da aka rufe ruf saboda sanyi ya fi duk wata cuɗanya ta rana haɗari. 'Yan matan su dawo ɗakinki. In ɗakuna ba su isa ba, shimfiɗarsu ta yi nesa da gadonta iya yadda ɗakin ya bari, kada kawuna su fuskanci juna, a bar taga a ɗan buɗe ko da faɗin tafin hannu ne, a ƙara mata bargo. Kada a kai mata kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da sunan ɗumi, wannan hayaƙin da ba a gani yana kashe mutum cikin barci kafin korona ma ta zo. Kwanonta da kofinta daban. Hira da jikoki a tsakar gida, da hantsi ko da yamma.

A tanadar mata maganin suga da na hawan jini na wata guda, kada ta yi fashin sha. Ki kuma sani tsofaffi ba lallai su yi zazzaɓi ba. Kasala ta farat ɗaya, ƙin abinci, ruɗewa, ko suga ya hau ba dalili, duk sun isa a kai ta a duba. In da hali ku sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna iskar da ke cikin jini. Ƙasa da 94 a nemi likita a ranar, 90 ko ƙasa da haka asibiti nan take, ko da ta ce ita lafiyarta lau. A ɗumama hannun kafin a gwada, don yatsa mai sanyi ko mai baƙin lalle yana sa ta ba da lamba ba daidai ba.

Hedimasta:

Likita ya gama da gida, bari in taɓa makaranta. Ƙa'idar da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar a 2020 ta ce mita 2 tsakanin ɗalibai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce aƙalla mita 1. Ɗauki aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8, ki cire mita 2 na gaban allo. In mita 2 za a bi, yara 12 zuwa 16 ne za su shiga. In mita 1 ne, wajen 36. Tamanin ba ta shiga ta kowane lissafi, kuma duk wanda ya ce miki za a ba da tazara ba tare da an raba ajin ba, magana ce kawai. Ko ba annoba, tsarin ilimi na ƙasa yara 35 ya ce wa malami ɗaya a firamare.

Rabon iri biyu ne. Ko dai rabi da safe rabi da rana, ko kuma rabi yau rabi gobe. Na safe da rana ya fi daɗin faɗa, amma a aikace nan ake samun matsala: masu tashi da masu shigowa suna cakuɗewa a bakin ƙofa, 'yan rana su shiga ɗakin da 'yan safe suka cika da numfashi, malami ɗaya ya yi ta magana awa bakwai, sannan zangon rana ya ci karo da Islamiyya, iyaye kuma Islamiyyar za su zaɓa. In shi za a yi, dole a bar minti 30 tsakani, ɗaki ba kowa, ƙofa da tagogi a wangale. Ni na fi son na yau da gobe, muddin ana ba yaro aikin da zai yi ranar da yake gida kuma ana duba aikin. Kowane rukuni da rajistarsa, kada a riƙa musanya yara, don ran da aka samu mai cutar rukuninsa kaɗai za a sallama, ba makaranta duka ba.

Kada ki je ke kaɗai, za a ɗauke ki mai ƙorafi. Ku haɗu iyaye uku ko huɗu, ku bi ta hannun shugaban kwamitin kula da makaranta (SBMC) ko na ƙungiyar iyaye da malamai (PTA), ku je kafin Litinin, ku ce a buɗe muku ajin ku shiga. Fara duba tagogi. Azuzuwa da yawa an buge tagoginsu da kwano ko katako saboda ɓarayi, wasu an toshe da bulo. Kafinta da ƙusa da fata biyu na ƙarfe da ake maƙala taga da su sun isa su mayar da taga mai buɗuwa, kuma wannan aikin ya fi duk abin da za a saya amfani. Ki tambayi wa zai kawo ruwa, nawa, da kuɗin wa. Ki tambayi ina za a zaunar da yaron da zazzaɓi ya kama a aji kafin iyayensa su zo. Ki nemi a raba lokacin tara, 'yan aji 1 zuwa 3 daban, 4 zuwa 6 daban, don turmutsutsun wajen mai awara da mai alawa ya fi na asambili. Asambili ma a fili ake yi, ba shi ne abin tsoro ba, matsatsin ƙofar aji bayan an tashi shi ne. Da rana ta ɗaga wajen ƙarfe goma, duk darasin da ba ya buƙatar allo a fita da shi gindin bishiya.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: a roƙi malamai su ajiye bulalar fashi a wannan zangon. Yaron da ya san za a dake shi in bai zo ba zai ɓoye zazzaɓinsa ya taho. Haka kuma kada a kori yaro don bai da takunkumi, a ajiye na ko-ta-kwana a ofis. In an yanka kuɗi da sunan korona, ku nemi a faɗi abin da za a saya a taron iyaye, a ba da rasit.

Duba-gari, Jos ta Arewa:

Malam Hedimasta ya ce a tambayi ruwa, to ga lissafinsa don kada a yi muku rufa-rufa. Bokiti mai famfo yana cin kamar rabin lita a wanki ɗaya, in an koya wa yaro ya rufe famfon yayin da yake cuɗa sabulu. Yara 40, sau uku a rana, wato shigowa, kafin cin abinci, da bayan bayi, lita 60 ke nan, jarka uku ta lita 20 ga aji ɗaya. Ninka da yawan azuzuwa, shi ne abin da za a yi ciniki da ɗan garuwa a kai, kuma a yi cinikin na wata, ba na ranar buɗe makaranta ba. Abin da aka saba gani shi ne bokiti ɗaya a bakin get, a cika shi ranar farko don masu zagaye su gani, zuwa Laraba ya bushe. Ko da ruwa a ciki ma, in kowane yaro zai ci daƙiƙa 30, yara 80 minti 40 za su yi a layi, manne da juna. A sa biyu ko uku a ƙofar kowane aji. Inda kuɗin bokiti ya gagara, galan na lita 5 ya wadatar: a huda shi da ƙusa mai zafi kusa da wuya, a rataye a sanda, a ɗaura igiya daga bakinsa zuwa wani ice a ƙasa, yaro ya taka ruwa ya zubo. Wannan ruwan da yake ci bai kai rabin na bokiti ba, kuma ba mai taɓa famfo.

Sabulun sanda ba ya kwana a makaranta. A zuba garin Omo giram 30, kamar cokalin cin abinci biyu a cike, cikin gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a girgiza, a huda murfin. Cuɗawa daƙiƙa 20 aƙalla, har tsakanin yatsu da bayan hannu. Kada a yarda da baho ɗaya da kowa zai tsoma hannu, kada a rataye tawul na kowa da kowa, a yarfe hannu iska ta busar. Ruwan sanyi da sabulu yana aiki daidai da na ɗumi. Matsalar Jos ita ce hannun yara yana tsagewa a hunturu, yaro kuma in hannunsa na zafi zai guji sabulu, don haka ki saka musu ɗan basilin a jaka. Sanitaiza ta cike giɓi ce, sai mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin 100 zuwa sama, kuma ba ta aiki a hannun da ya yi dumu-dumu da ƙura ko mai. Kada a ba auta ta riƙe da kanta.

Sai maganar bilic. Don goge benci, hannun ƙofa da bayi, ƙarfin da ake so shi ne kashi 0.1 cikin 100. Ki karanta jikin robar. In an rubuta 3.5, awo ɗaya na bilic ne a awo 34 na ruwa, wato rabin lita, daidai cikin ledar fiyawata ɗaya, a ruwa lita 17. In 5 aka rubuta, awo ɗaya a awo 49. In garin kulorin ne irin na masu aikin ruwa, mai ƙarfin 65 zuwa 70, giram 15 a lita 10. A fara wanke wurin da ruwan sabulu, don datti yana kashe ƙarfin kulorin, sannan a shafa da tsumma, a bar shi a jiƙe minti 1 aƙalla. Haɗin yau na yau ne, na jiya a zubar, kuma a ajiye shi a inuwa a rufe. Kada a kuskura a gauraya shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari, hayaƙin da zai tashi guba ne, mai asma kuwa zai iya kwana asibiti a kansa. Babba ne zai haɗa, ba 'yan shara na aji ba.

In an ce a tara kuɗin feshin makaranta, ku ƙi. Makarantar da ta yi makonni a rufe ba wata korona da ta rage a bangonta, cutar ranar Litinin za ta shigo, a cikin ƙirjin mutane. Feshi a jikin yara kuwa, ko rumfar nan da ake bi ta ciki ana tsiyayo magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana, yana ƙona ido da fata kuma ba ya taɓa abin da ke maƙogwaro. Kuɗin a ba kafinta da ɗan garuwa.

Ɗan Taminus:

Ni fa har yau ban ga wanda korona ta kwantar a layinmu ba, ciwon masu hawa jirgi ne. Abin da ya fi damuna wannan bindigar auna zafi da ake saita wa yara a goshi, an ce tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Sista, asibitin sha-ka-tafi:

Yaya, na'urar ba ta harba komai cikin kai. Ɗumin da ke fita daga fata take karantawa, jan hasken da wasu ke da shi kuma na saiti ne kawai. Aibinta daban ne: ba ta da tabbas. Yaron da ya taho cikin sanyin safiyar Jos goshinsa zai nuna 35 ko ƙasa, ko da zazzaɓi a jikinsa, wanda ya sha rana kuma ta nuna ya yi zafi alhali lafiyarsa ƙalau. Sai an bar yaro ya huta minti kaɗan a inuwa, a ɗage hula, a riƙe ta kamar santimita 3 zuwa 5 daga goshi. Kuma yara da yawa masu cutar ba su da zazzaɓi sam. Tsohon da aka ce "ɗan zazzaɓi ya yi kwana uku, numfashi ya sarƙe" aka binne ba gwaji, ba wanda zai ce maka korona ce a layinku.

Maman Uku, ga batun mai asma. Takunkumi ba ya hana shi numfashi in asmar a kwance take, yana ma rage masa ƙurar hazo. Ya cire lokacin guje-guje, ya cire in ta tashi. Inhelarsa ta gaggawa, shuɗiyar, ta zauna a jakarsa, ba a gida ba, kuma ki je da kanki ki nuna wa malamin ajin yadda ake amfani da ita. In likita ya ɗora shi a kan ta kullum, kada a tsayar don tsoron korona, tsayarwar ce haɗari. In ba ku da bututun da ake haɗawa da inhela, a fasa gindin gorar ruwa ta rabin lita daidai bakin inhelar, ya kama bakin gorar da leɓɓansa, fesawa ɗaya numfashi biyar, sannan ta gaba, gwargwadon adadin da likitansa ya rubuta. In ya kasa gama jimla ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, ko ba sauƙi bayan inhela, asibiti.

Inda zan ɗan saɓa da Malam Hedimasta shi ne wangale tagogi. Da sassafe a watan nan, in aka buɗe duka, yara za su daskare, malami da kansa zai tashi ya rufe, shi ke nan an koma gidan jiya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Tagogin wannan ɓangaren a ɗan sassauta su kawai, na ɗaya ɓangaren da ƙofa a buɗe sosai, iska za ta ratsa ba tare da ta daki yara ba. Mai son ya gane ko aji na shan iska ya kunna ɗan turaren wuta a tsakiyarsa lokacin da ba yara: in hayaƙin ya miƙe ya fita, madalla, in ya tsaya yana lilo a sama, haka numfashin yara 80 yake tsayawa. Yaronki kada ya zauna a bakin tagar da iska ke shigowa, kada kuma a kai shi lungun baya. A roƙi makaranta ta bar yara su sa rigar sanyi, hula da safa ko da ba kalar yunifom ba ne. Masu 'ya'ya masu sikila su fi kowa matsawa a kan wannan, sanyi yana tayar musu da ciwo, zazzaɓi kuma a wurinsu na asibiti ne a ranar.

Ranar da yaro ya tashi da zafin jiki 38 ko sama, ko sabon tari, ko ya ce ba ya jin ƙanshi ko ɗanɗano, ya zauna gida, nesa da kaka. Kada a ba shi farasitamol a tura shi, an rufe alamar ne kawai. A yi gwajin maleriya a ranar, don kada tsoron korona ya sa a bar wadda ta fi kashe yara, amma samun maleriya ba ya nufin babu korona, suna haɗuwa. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru: 40 ko sama ga ɗan shekara 1 zuwa 5, 30 ko sama ga wanda ya girme haka, ya yi sauri. Faɗawar ƙasan ƙirji, leɓe ya canza launi, kasa shan ruwa, jijjiga ko yawan barci, ba a kwana da su. Wuya ya sanƙare ko ƙuraje su feso, ki tuna lokacin sanƙarau da ƙyanda ne, ki kuma duba katin rigakafin auta ko an tsallake wata allura lokacin kulle.

Tela, Titin Bauchi:

Hajiya, auta ba ta buƙatar takunkumi, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa ƙasa ba a sa masa. Mai 13 kamar babba take, mai 9 kuma ya sa tunda ajin a cike yake. Na yadi ya isa in an ɗinka shi daidai, shafi uku: na ciki auduga mai laushi, farar shadda da ta sha wanki ko yadin singileti, na tsakiya irin yadin nan marar saƙa da ake jakunkunan rabon biki da shi, na waje mai santsi wanda ba ya shan ruwa. Atamfa shafi ɗaya ado ce. Ɗaga shi ki kalli rana, in kina hango haske ta ramukan saƙa bai yi ba.

A kawo yaron a auna, daga karan hanci zuwa ƙarƙashin haɓa, da kuma daga kunne zuwa kunne. Na manya da ake saya a bakin titi yana zamewa, yaro ya wuni yana ja da hannu, ƙarshe ya koma haɓa. A sa 'yar waya mai lanƙwasuwa a wajen hanci. Roba tana cin bayan kunne a hunturu, ga mai hijabi kuma igiya ta fi, a ɗaure ta bayan kai. Niƙabi ko gefen hijabi ba ya maye gurbinsa. Mai ɗan murfin roba a gefe kada ki saya, numfashi yake fitarwa ba tacewa. Garkuwar roba ta fuska ita kaɗai ma ba ta isa ba.

Kowane yaro guda huɗu, biyu yau biyu a shanya. Ya tafi da ɗaya a fuska, ɗaya a leda mai tsabta, da wata ledar ta wanda ya jiƙe, don da ya yi danshi ya gama aiki. Wanki kullum da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Kowa da kalarsa, a ɗinka harafin sunansa, in ba haka ba za ki ga ɗanki ya fita da shuɗi ya dawo da na abokinsa.

Maman Uku, Rikkos:

Allah ya saka da alheri, na samu haske sosai. Sai dai Likita, Hajiya ba za ta yarda a ɗauke mata jikoki ba, za ta ce na raba ta da su ne. Sannan in sun dawo sai na yi musu wanka da Dettol kafin su shiga?

Malamar Islamiyya, Gangare:

Ƙanwata, wannan magana ba daga bakinki za ta fito ba. Ɗanta ne zai faɗa mata, ya ce likita ne ya ce saboda sugarta, kuma na ɗan lokaci ne. Kada a ce mata "za ki kamu", a ce "yaran ne ke kwaso mura a makaranta, ba ma so su shafa miki". A bar mata gaisuwar safe daga bakin ƙofa da hirar tsakar gida, auta ta ci gaba da kai mata abin da ta saba kai mata ta ajiye. In ta kawo maganar ƙaddara, a tuna mata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinsa. Ku kuma tuna Islamiyya aji ne, sau da yawa ya fi na boko matsi, ga karatu da ɗaga murya. Duk abin da za ku nema wurin hedimasta ku nema wurinmu, kowane yaro kuma da gorar ruwansa.

Likitan Yara:

Ba buƙatar Dettol, balle bilic, fatar mai asma ma ba za ta so ba. Buta da sabulu a bakin zaure, su wanke hannu, su cire takunkumi ta igiya su jefa a ruwan sabulu, su sake wanke hannu, su canza kaya. Shi ke nan.

Bisa ƙa'idar da ake bi a Janairun 2021, in aka ce an samu mai cutar a ajinsu, wanda ya zauna kusa da shi, ƙasa da mita 1 fiye da minti 15, zai zauna gida kwana 14 daga ranar haɗuwarsu ta ƙarshe, ko da garau yake, don cutar takan ɓuya kwana 5 zuwa 6, wani lokaci har 14. Wanda gwaji ya tabbatar yana da ita kwana 10 daga fara ciwo, da ƙarin kwana 3 ba alama. Hedimasta ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ta hannun asibitin unguwa. A Janairun 2021 gwajin gwamnati kyauta ne, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana cikin wuraren da ake yin sa a jihar nan. A waɗannan kwanakin yaron ko tsakar gida kada ya zauna kusa da Hajiya Babba.

Hedimasta:

Sista ta fi ni gaskiya a kan tagogi, a bi nata. Hajiya, in kun je kun tarar ba a raba ajin ba, tagogi kuma a buge, ki riƙe mai asmar na mako ɗaya ko biyu kafin a gyara, amma kada ki riƙe shi shiru. Rubuta wa hedimasta takarda don kada a cire sunansa daga rajista, yayarsa ko wani ɗan ajinsu ya riƙa karɓo masa aiki, ya yi karatu a bayyane minti 20 kullum da lissafi shafi ɗaya. In SBMC ta kai kuka ba a motsa ba, sai ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku sa hannu ku da yawa, ku ajiye kwafi.